Ƙarfin Bugu Daga Ƙafa Yake Tashi: Sharhi Kan Koya wa Yara Bugun Sofbol

 Yau za mu bar ƙwallon ƙafa ta huta, mu leƙa wani wasa da ɗimbin 'yan mata ke yi a Amurka da Japan da Kanada da Ostareliya da Meksiko, wato sofbol. Maganarmu a kan yarinya ce 'yar shekara tara ko goma sha biyu da aka miƙa wa sanda, da kuma kocin da ke tsaye kusa da ita yana koya mata bugu. Me ya kamata ya koya mata, da wanne zai fara, kuma da wane irin lafazi?

Ga wanda bai taɓa gani ba, sofbol ƙanwar besbol ce. An fara ta a birnin Shikago a 1887, ranar da George Hancock ya ɗaure safar dambe ta zama ƙwallo, abokansa suka buga ta da sandar tsintsiya a cikin zauren wani kulob. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara a fili. Mai jifa tana tsakiya, ta wulwula hannu ta sako ƙwallo daga ƙasa, daidai ƙugunta. Mai bugu tana tsaye gefen wani farantin roba mai kusurwa biyar da ake kira gida. In ta bugi ƙwallo sai ta ajiye sanda ta ruga zango na farko, mita 18 daga gida. In ta zagaye zango uku ta dawo gida, an ci maki ɗaya. In kuwa ta kuskure sau uku, ta fita, wata ta shigo. Wasan ya shiga gasar Olamfik a 1996. Amurka ta ɗauki zinare sau uku a jere, Japan ta karɓe a 2008, ta sake ɗauka a gasar Tokyo da aka yi a 2021, kuma wasan zai dawo a gasar 2028.

To, abin da ya sa bugu ke da wuya a wannan wasa shi ne ƙarancin lokaci. A wasan manya, tsakanin mai jifa da gida ƙafa 43 ne, kimanin mita 13. Mai jifa kuma tana tsalle gaba kafin ta saki ƙwallo, don haka tafiyar da ƙwallon ke yi ba ta wuce mita 11 da 'yan kai. Ƙwararrun masu jifa suna kai gudun kilomita 105 zuwa 110 a sa'a, Monica Abbott ma ta kai 124 a 2012. Idan aka lissafa, kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa ɗaya ne kawai tsakanin sakin ƙwallo da isowarta. Kusan rabin wannan lokaci kaɗa sandar ce ke cinye shi. A cikin ragowar mai bugu za ta gane inda ƙwallo ta nufa, ta yanke shawarar bugu ko ƙyalewa.

A 2004 an ga misalin wannan a fili. Jennie Finch, mai jifar ƙungiyar Amurka, ta fuskanci manyan taurarin besbol a wani wasan nishaɗi, cikinsu da Albert Pujols da Mike Piazza, ta fitar da su ba tare da sun bugi ƙwallonta ba. Waɗannan mutane ne masu ƙarfi da saurin hannu, amma idonsu bai saba da ƙwallon da ke fitowa daga ƙugu a wannan kusanci ba. Darasin a bayyane yake: a wurin bugu babu lokacin tunani. Abin da jiki da ido suka saba da shi, shi kaɗai ke fitowa. Yarinya ƙarama tana fuskantar jifa mai sauƙi, amma daga kusa: ƙafa 35 ga 'yan ƙasa da shekara goma, ƙafa 40 ga 'yan sha biyu. Duk motsin banzan da aka bari ya zauna mata a jiki yanzu, da shi za ta shiga wasan manya, inda babu sararin ɓata ko ƙiftawar ido. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ra'ayina a wannan sharhi guda ɗaya ne, kuma a kansa zan tsaya. Bugu mai kyau daga ƙasa yake tashi: ƙafa, sai ƙugu, sai ƙirji, sai hannu, sanda ce ta ƙarshe. Kocin kirki a wannan jeri yake koyarwa, abu ɗaya bayan ɗaya, da magana kaɗan. Yawancin yaran da suka kasa bugu, an fara musu ne daga hannu, aka kuma cika musu kunne da umarni.

Mu fara da sandar kanta, domin a nan iyaye da yawa ke ɓata aikin tun kafin koci ya buɗe baki. Uba ya je kanti, ya ga sanda da tsada, sai ya sayo babba don yarinya ta girma da ita. Sandar da ta fi ƙarfin yarinya tana koya mata munanan halaye uku a lokaci guda: kan sanda ya faɗi ƙasa, hannuwa su baje nesa da jiki, ta riƙa jan sandar da kafaɗa. Doka ta ƙayyade cewa sandar sofbol ba ta wuce tsawon inci 34, amma wannan ta manya ce. Yarinya 'yar sha ɗaya ko sha biyu takan yi daidai da mai inci 30 da nauyin kusan giram 570, ƙananan kuma ƙasa da haka. Akwai gwaji mai sauƙi da masu horarwa ke yi: ta riƙe sandar da hannu ɗaya, ta miƙe shi gefe daidai kafaɗa. In hannun ya fara rawa nan da nan, sandar ta yi mata nauyi, a sauya.

Sai riƙo. Ga mai bugu da dama, hannun hagu ne a ƙasa kusa da gindin sanda, na dama a samansa, suna taɓa juna. A yatsu ake riƙe sanda, kada a cusa ta can cikin tafin hannu. Gaɓoɓin tsakiya na yatsu, waɗanda ake ƙwanƙwasa ƙofa da su, su kusa daidaita tsakanin hannayen biyu. Riƙon ya zama sassauƙa. Yarinyar da ta matse sanda har yatsunta suka yi fari, ta ɗaure wuyan hannunta da damtsenta, kuma tsokar da ta ƙage ba ta sauri. Hannu da kansa yake ƙara matsewa daidai lokacin haɗuwa da ƙwallo, ba sai an umarce shi ba.

Daga nan sai tsayuwa. Ƙafafu su ɗan fi faɗin kafaɗu, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe kuma suna cikin tsakanin ƙafafu, nauyi a gaban tafin ƙafa. Ta ɗan sunkuyo daga ƙugu, bayanta a miƙe. Ta auna nisanta da faranti: in ta miƙa sanda, kanta ya taɓa bakin farantin na can waje. Hannuwa kusa da kafaɗar baya, sanda a karkace, fuska ta juyo sosai yadda idanu biyu za su ga mai jifa. Wannan na idanu biyu yana da muhimmanci, domin da ido biyu ɗan Adam ke auna nisa da gudu. Yarinyar da ke leƙen mai jifa da gefen ido ɗaya ta rage wa kanta rabin gani.

Akwai kalmar da ake yawan ji a filayen yara a Amurka: ɗaga gwiwar hannun baya! Ana faɗinta da kyakkyawar niyya, amma sau da yawa abin da take haifarwa shi ne kafaɗa ta ƙage, sandar ta yi doguwar tafiya kafin ta iso ƙwallo. Wanda ya kalli manyan 'yan wasa zai ga tsayuwarsu ta sha bamban: wata ta buɗe ƙafa, wata ta ɗaga hannu sama, wata tana girgiza sanda. Amma a tsayar da hoton daidai lokacin da ƙafar gaba ta sauka ƙasa, sai a ga duk sun koma kama ɗaya: kai a tsakiyar ƙafafu, hannuwa a baya, ƙirji bai buɗe ba. Don haka malam koci, kada ka ƙarar da ƙarfinka wajen sa yara goma sha biyu su tsaya iri ɗaya. Ka sa ido kan wannan lokaci na saukar ƙafa, a nan ake gane mai bugu.

Yaya ake isa wurin? Da motsi biyu da ke tafe tare: tattara jiki da taku. Yayin da mai jifa ta fara wulwula hannu, mai bugu tana ɗan tattara nauyinta a ƙugun baya, a cikin cinyar baya. Gwiwar baya kada ta wuce saman ƙafar baya zuwa waje, domin in ta wuce, jiki ya tangaɗa ke nan, dawowa kuma sai an ɓata lokaci. Sannan ƙafar gaba ta yi ɗan gajeren taku mai laushi zuwa wajen mai jifa, yatsu su fara sauka. Ga sirrin da yara da yawa ba a nuna musu: ƙafa tana tafiya gaba, hannuwa suna nan a baya. Wannan jan da ake ji a gefen ciki da baya, tsakanin ƙafar da ta tafi da hannun da ya tsaya, shi ne ajiyar ƙarfin bugu. A fara motsin da wuri, a yi shi a hankali. Yarinyar da ta jira sai ƙwallo ta taso sannan ta ɗaga ƙafa, ta makara, kuma duk abin da ya biyo baya gaggawa ce.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa a nan. Na farko, yarinya ta taka gefe, tana janye jiki daga faranti. Koci da yawa sukan ɗauka matsalar ƙafa ce, su ja layi a ƙasa su ce ta bi. Sau tari matsalar tsoro ce. Ƙwallon sofbol tana da tauri, kewayenta inci 12 ne, ta ƙananan yara 11, kuma wadda ta taɓa shan ta a haƙarƙari ba ta mantawa. Maganin shi ne a koma ƙwallo mai laushi, a koya mata yadda ake juya baya a kauce wa jifar da ta nufo jiki, a ba ta hular kwano mai kariyar fuska, har zuciyarta ta kwanta. Kuskure na biyu shi ne ta zuba duk nauyinta a ƙafar gaba tun ƙwallo ba ta iso ba. Mai jifa mai wayo tana ganin haka za ta sako mata ƙwallo mai rage gudu, ita kuwa ta riga ta zubar da ƙarfinta, sai dai ta kaɗa iska.

Yanzu mun iso zuciyar maganar, wato juyawar ƙugu.

Da zarar diddigen ƙafar gaba ya dira ƙasa, bugu ya fara. Gwiwar baya ta nufo gaba, ƙugu ya juya, cibiya ta nufi wajen mai jifa. Ƙafar gaba ta miƙe ta tokare ƙasa, ta tsayar da tafiyar jiki, ta mayar da ita juyi. A ɗan wannan lokaci ƙirji da kafaɗu suna nan a rufe, ƙugu ya riga su. Sai ƙirji ya biyo, ya jawo hannuwa, hannuwa su jawo sanda. Ku tuna yadda bulala ke aiki: mariƙinta ne ke fara motsi, amma bakinta ne ke tsawa, domin kowane sashe yana miƙa gudunsa ga na gabansa. Haka jikin mai bugu yake. Manyan tsokoki na cinya da ƙugu su ne masu ƙarfin, hannuwa masu isar da saƙo ne. Shi ya sa za a ga siririyar yarinya tana aika ƙwallo nesa, wata ƙaƙƙarfa kuma tata ba ta wuce gaban mai jifa: ta farko jikinta a jere yake aiki, ta biyu da hannu kaɗai take bugu.

A nan ma akwai wata tsohuwar kalma ta masu horarwa: murƙushe ƙwaro da ƙafar baya. Ana nufin yarinya ta murza yatsun ƙafar baya a ƙasa don ƙugu ya juya. Matsalar ita ce an sa sakamako a gurbin dalili. Yarinyar da ta mai da hankali ga murza ƙafa, nauyinta a baya yake zama, tana juyi a wuri ɗaya ba tare da ta tura komai gaba ba. A hoton manyan masu bugu, ƙugu ne ke jan ƙafar baya, har ta tashi ta tsaya kan yatsu, wani lokaci ma ta ɗan bar ƙasa. A koya wa yarinya juya ƙugu, ƙafar za ta biyo da kanta.

Kowa ya san Jocelyn Alo a duniyar sofbol. 'Yar jihar Hawai ce, ta yi wasa a Jami'ar Oklahoma, ta gama a 2022 da bugu 122 da suka tsallake shingen fili, adadin da ya zarce 95 na Lauren Chamberlain da ke riƙe da tarihin kafin ita. Abin da ya kamata a sani game da ita shi ne tun tana sakandare ta ci kambun kokawa na jiharta. Mai kokawa ya san cewa da ƙafa da ƙugu ake ɗaga abokin karawa. Wannan ilimi ne na jiki, kuma yana nuna amfanin barin yara su yi wasanni iri-iri, maimakon a tsare su a wasa ɗaya tun suna 'yan shekara takwas.

Yanzu sai hannuwa da hanyar da sanda ke bi. Yayin da ƙirji ke juyawa, gwiwar hannun baya tana saukowa kusa da haƙarƙari, hannuwa suna tafiya kusa da jiki, gindin sanda a gaba, kanta a baya, sai a ƙarshe kan ya fyaɗo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne miƙe hannuwa tun farko, sanda ta yi babban zagaye. Wannan bugu ne mai jinkiri, kuma duk ƙwallon da ta matso jiki sai ta bugi siririn wuyan sanda. Daidai lokacin haɗuwa, tafin hannun sama yana kallon sama, na ƙasa yana kallon ƙasa, gwiwoyin hannu da ɗan sauran lanƙwasa. Bayan ƙwallo ta tafi ne hannuwa ke miƙewa, sannan wuyan hannu ya juya. In ya juya da wuri, ƙwallo ƙasa za ta yi, ta gangara hannun masu tsaro.

An daɗe ana gaya wa 'yan matan sofbol su sara ƙasa, wai tunda ƙwallo daga ƙasa take fitowa, sai a tare ta daga sama. Ni ban yarda da wannan koyarwa ba, ga kuma dalilina. Yawancin jifa, musamman a wasan yara, kafin ta iso gida ta riga ta fara saukowa, domin nauyi yana jan ta. Sandar da ke sarowa daga sama a wuri ɗaya tak take gittawa da hanyar ƙwallo. In lokaci ya kuskure da ɗan kaɗan, an rasa. Sandar da ta shiga hanyar ƙwallo da wuri, ta bi ta a miƙe ko da ɗan hawa kaɗan, tana da tazara mai tsawo da za su iya haɗuwa. Wannan shi ne abin da Ted Williams, gwanin besbol da ya yi nasara a sama da kashi 40 cikin ɗari na bugunsa a kakar 1941, ya bayyana a littafinsa kan ilimin bugu: ƙugu ya ja gaba, sanda ta bi layin ƙwallo. Gaskiya ne sofbol tana da jifa mai hawa, wadda ake murza ta baya don ta ƙi saukowa yadda ido ke tsammani. Amma maganinta sanin ta ne: a koya wa yarinya gane ta, ta ƙyale wadda ta haura ƙirji. Akwai kuma ɗaya gefen kuskuren, wato sauke kafaɗar baya tun kafin juyi, a kwaso ƙwallo daga ƙasa ta tashi sama ta faɗo hannun mai tsaro. Abin da ake nema bugu ne miƙaƙƙe mai ƙarfi, wanda zai wuce saman kan masu tsaron ciki.

Ba a wuri ɗaya ake haɗuwa da kowace ƙwallo ba. Wadda ta matso jiki, a gaban ƙafar gaba ake tarar ta. Ta tsakiya, daidai ƙafar gaba. Ta waje, a bar ta ta ƙara shigowa, a tura ta ɗaya ɓangaren fili. In ƙwallo ta yi ƙasa, jiki ne ke ƙara karkata daga ƙugu, hannuwa ba sa faɗuwa su bi ta. A duk wannan, kai yana nan a natse: haɓa ta fara a kafaɗar gaba, ta ƙare a kafaɗar baya. Masu bincike sun nuna tun shekarun 1980 cewa ido ba ya iya bin ƙwallo mai gudu har zuwa jikin sanda. Abin da mai bugu ke yi hasashe ne daga abin da ta gani a farkon tafiyar ƙwallon. Saboda haka a koya mata kafa ido a ƙugun mai jifa, inda ƙwallo ke fitowa, kuma kanta ya daina rawa. Bayan bugu ta ƙarasa juyi, ta tsaya daram. In ana son gwada daidaiton yarinya, a ce ta tsaya yadda ta ƙare har a ƙirga uku. In ta tangaɗa, akwai abin gyara tun daga ƙafa.

To, duk wannan ilimi na koci ne. Babban kuskure shi ne a juye shi gaba ɗaya a kan yarinya. Ku je filin yara ranar wasa ku saurara: koci yana cewa ɗaga hannu, mataimakinsa yana cewa matsa gaba, uba daga bayan waya yana cewa kalli ƙwallo, uwa tana cewa kada ki ji tsoro. Yarinya ɗaya, murya huɗu, ƙwallo kuma tana tafe. Ranar wasa ranar bugu ce. Gyara a filin atisaye ake yin sa.

A atisayen ma akwai tsari. A fara da turken roba da ake ɗora ƙwallo a kai, inda babu gudu babu tsoro, yarinya ta ji jikinta. Kada a raina turken nan, 'yan wasan ƙasa ma da shi suke fara atisaye. A riƙa matsar da shi: sama, ƙasa, ciki, waje. Daga nan sai jifa mai laushi daga gefe, sai jifa daga gaba, koci yana bayan raga, sannan jifa ta gaske daga hannun mai jifa, domin ido ya saba da wulwulawar hannu. Bugu kaɗan-kaɗan da natsuwa, a huta, a sake, ya fi ɗari a jere da gajiya, domin jikin da ya gaji kuskure yake haddacewa. Wayar hannu ma ta zama kayan aiki: a ɗauki bidiyo daga gefe, a rage gudunsa, yarinya ta ga kanta. Sannan a zaɓi gyara ɗaya tak, kuma a zaɓi na ƙasa, domin sau da yawa in ƙafa ta gyaru, kuskuren hannu da kansa yake ɓacewa.

Lafazin gyaran ma yana da tasiri. Gabriele Wulf, wadda ta koyar a jami'a a jihar Nebada ta Amurka, ta shafe shekaru tana bincike kan yadda mutum ke koyon motsi. Abin da ta yi ta samu shi ne mai koyo ya fi ci gaba in an karkatar da hankalinsa ga abin da motsin zai haifar a waje, fiye da in an sa shi tunanin gaɓoɓinsa. Maimakon a ce juya ƙugunki, miƙe gwiwarki, sai a ce: aika ƙwallon nan ta wuce saman kan mai jifa. Maimakon a ce kada ki baje hannu, sai a tsayar da ita kusa da raga a ce ta kaɗa sanda ba tare da ta taɓa ragar ba. Jiki zai nemo hanyar da kansa, kuma abin da ya nemo da kansa ya fi zama.

Sai maganar zuciya, wadda ba a raba ta da bugu. A wannan wasa, wadda ta yi nasara sau uku ko huɗu cikin goma gwana ce. Ma'ana, gwanar ma ta fi yawan komawa benci hannu rabbana. Yarinya 'yar shekara goma ba ta san haka ba sai an gaya mata. In duk fitar da aka yi mata sai ta ga fuskar koci ta ɓaci, ko ta sha faɗa a mota a hanyar gida, za ta fara bugun tsoro: ta matse sanda, ta taƙaita juyi, burinta kawai kada ta kuskure. A yaba mata kan abin da ke hannunta: ta zaɓi ƙwallo mai kyau, ta kaɗa da ƙarfi, ta tsaya daidai. Ko Jocelyn Alo, bayan ta tsallake shinge sau 30 a shekararta ta farko a jami'a, a ta biyu nauyin tsammanin jama'a ya danne ta, ta sauko zuwa 16. Kocinta Patty Gasso, wadda ta ci kofin jami'o'in Amurka sau takwas, hutu ta ba ta na ɗan lokaci, ta nisanta ta da fili. Ta dawo, ta buga 34 a 2021, ta sake buga 34 a 2022. In gwana irin wannan ta buƙaci hutu, ina ga yarinyar firamare?

Hutun kuma har da na jiki. Bugu juyi ne mai ƙarfi zuwa gefe ɗaya, ana maimaita shi, ƙashin bayan yaro kuwa bai gama ƙwari ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar a bar yaro ya huta daga wasansa kwana ɗaya ko biyu a kowane mako. Yarinyar da ta ce bayanta na ciwo, kuma ciwon ya ƙi tafiya, likita za a kai ta, a dakatar da bugu. Kada kuma a bar yaro ya kaɗa sanda sai ya duba babu kowa kusa da shi, kada a shiga gaban jifa ba hular kwano.

Masu sauraro, kirana ga duk wanda Allah ya ɗora wa koyar da yara wannan wasa, ko malamin wasanni ne a makaranta, ko uba ne ko uwa da 'yarsu ta shiga ƙungiya: ku ba ta sandar da ta dace da ƙarfinta. Ku fara gyara daga ƙafa. Ku faɗi abu ɗaya, ku yi shiru ku bar ta ta gwada. Ku bar faɗa ranar wasa, ku ba ta hutu in ta gaji. Sannu ba ta hana zuwa, kuma yarinyar da aka gina a hankali ita ce za ta daɗe tana wasa da lafiyarta da son abin a ranta.